Irin Albasa Marar Takarda

Kwatano, 9 ga Agusta, 1992

Zuwa ga taubashina Alu ɗan Maiwada, Aliero.

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Hafsat da yara. Mu nan lafiya lau muke. Maiɗakina Khairiyya ta yi zazzaɓi makon jiya, amma ta miƙe. In ka shiga Maiyama ka duba mini Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana nan tafe.

Atiku direba ya ba ni labarin abin da ya sami irinka bana. Wai ƙwari sun faɗa wa furen albasa, abin da ka sussuka bai kai rabin na bara ba. Na ce to, yau ubangida ya shiga hannun bawa. Kai da kake yi mini gori wai ɗan gwaggonka ya gudu daga garka ya zo bakin teku yana ɗaukar wa mutane jaka, yau za ka ga amfanin jakar.

Ka san aikinmu a kamfanin nan fito da kaya ne daga tashar jiragen ruwa. Mu cike takardu, mu bi su ofis ofis har a saki kaya. To, wani irin albasa ya faɗo hannuna, na ƙasar Turawa, cikin gwangwanaye a liƙe. Masu shi sun fasa ɗauka. Na ga hoton albasarsa, Alu, wallahi guda ɗaya ta cika hannu biyu. Na ba Atiku gwangwani arba'in cikin kwali biyar. Takardun da ke manne a jikinsu ruwa ya jiƙa su a sito, sai na ɓare su don kada su jawo tsatsa. Maganar kan iyaka kada ta dame ka, na gama da ita tun daga nan. Kai dai ka karɓa.

Ka jarraba ka gani. In ya karɓi ƙasarmu, baɗi sai mu kafa harka sosai, ni ina shigowa da shi, kai kana rabawa. Sunan gidan Kawu Maiwada a kan iri ya ishe mu, ba ma bukatar talla.

Ka gai da kowa da kowa. Kuma ka fara koyon yi mini ladabi tun yanzu.

Taubashinka,
Abdulwahab

Aliero, 6 ga Satumba, 1992

Zuwa ga bawana Abdulwahab,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, gero ya yi kyau, ruwa bai yanke ba. Na tafi Maiyama na iske Gwaggo Rakiya tana jan ƙafa tana yi maka addu'a, kamar kai kaɗai Allah ya ba ta. Ta sami maganin, ta ce Allah shi yi maka albarka.

Ladabi kuwa sai dai ka mutu da marmari. Amma gaskiya ɗaya, wanga karo ka yi abin kai. Kaya sun iso lafiya. Na buɗe gwangwani ɗaya, na ga iri baƙi wuluk, tsab, babu ƙaiƙayi ko ɗaya. Na yi mashi gwajin da Baba ya koya mani. Na zuba ƙwaya ɗari cikin tsumma, na yayyafa ruwa, na tura ƙarƙashin randa. Kwana biyar, casa'in da bakwai sun tsira! Ko namu na gida, a shekarar da ya fi kyau, ba ya wuce tamanin. Hafsat ta ce in rage murna kada haƙorana su faɗo.

Ka san halin da nake ciki kafin zuwanshi. Mutane sun fara sallama tun watan jiya, daga Jandutsi, daga Birnin Malam, daga Mungadi, ni kuwa abin da ke cikin tulu ba ya isar rabinsu. Shekara arba'in ba a taɓa zuwa gidanga neman iri an koma hannu banza ba, sai a zamanina? Abin yana hana ni cin tuwo. To, yanzu kowa ya samu. Ban ɓoye wa kowa ba, na ce wanga ba na gida ba ne, na waje ne, ɗan'uwana da ke aikin tasha ya aiko, na gwada, na kuma ɗauki nauyinshi. Gida sittin da ɗaya suka ɗauka. Baba Sambo na Mungadi, abokin Baba, ka tuna shi, mai injin ban ruwa ja, ko duba irin bai yi ba. Ya ce, “Alu, in kai ka ce, ai shi ke nan.” Ya ɗauki gwangwani uku, zai cika fadamarshi duka da shi. Ni ma na zuba nawa reno, ya fito kamar an shimfiɗa koren zane.

Abu ɗaya. Malam Ɗayyabu, malamin gona da ke zuwa mana daga Jega, ya ga gwangwanin ya ɓata rai. Wai iri ba ya ƙetara iyakar ƙasa sai da takarda biyu, izinin shigowa daga nan, da shaidar lafiyarshi daga can inda ya fito. Kuma wai dole gwangwani ya nuna sunan iri da irin ƙasar da ya dace da ita. Na yi dariya na ce, Malam, ubana ya tsufa yana ba da iri, takardarshi ɗaya ce, bakinshi. Amma mutumin kirki ne, ba ya da fitina. Don Allah ka aiko mani da sunan irin da takardun nan in nuna mashi, ya bar ni in sha iska.

Hafsat ta ba Atiku kilishi da gabu ya kawo wa Khairiyya. Kada ka cinye mata.

Ubangidanka,
Alu

Aliero, 14 ga Disamba, 1992

Abdulwahab,

Sallama da fatan kuna lafiya. Mu lafiya, sai ɗari. Wata uku ke nan ban ga amsarka ba. Atiku ya ce hannu da hannu ya ba ka wasiƙata, ka ce mashi za ka rubuto ta gidan waya. Na leƙa gidan waya na Jega sau huɗu, har mai ba da wasiƙu ya fara yi mani dariya.

Ba wasa na zo yi ba yau. Akwai abin da ban gane ba game da wanga iri. Mun yi dashe tsakiyar Oktoba, tare da masu irin gida, rana ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Lawashi kam ban taɓa ganin irinshi ba, ya kai mani gwiwa, masu wucewa har tsayawa suke suna kallo. To amma albasar maƙwabcina ta fara fasa ƙasa, kai ya fito kamar ƙwan kaza. Tawa na tuge guda goma jiya, ko ɗaya ba ta da kai. Wuya ne kawai mai kauri, fari, ya miƙe har saiwa. Na tafi Jandutsi, haka. Birnin Malam, haka. Baba Sambo ya aiko ɗanshi ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, irin waje ne, yana da nawa. Na faɗa ne kawai, ni kaina ban sani ba.

Malam Ɗayyabu ya ce akwai albasar ƙasashen sanyi wadda ba ta yin kai sai inda rana ke daɗewa ƙwarai ba ta faɗi ba, fiye da yadda take yi nan. Ya ce in wagga ce, ko shekara ta yi cikin ƙasa ganye za ta yi ta yi. Amma ba ya iya yanke hukunci sai ya ga sunan irin, kuma kai ka ɓare sunan.

Ka saurare ni da kyau. Har yanzu akwai sauran dashe na irin gida wajen mutanen Maiyama. In muka tuge wannan kafin sati uku, muka sa wancan, za a sami rabin amfani, ba a tashi a tutar babu ba. In sati ukun nan suka wuce, an gama. Ba zan iya ce wa gida sittin da ɗaya su tuge gonar da ke kore shar a kan zato ba. Kai ka ga takardar jikin gwangwani, kai ka san masu shi. Ka tambaya, ka gaya mani gaskiya komi ɗacinta: a tuge ko a bari? Atiku zai juyo ran ashirin da takwas. Na ce mashi kada ya tada mota sai da amsarka a aljihu.

Don girman Allah kada ka yi shiru.

Alu

Kwatano, 27 ga Disamba, 1992

Taubashi,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya yi mana yawa, ƙarshen shekara jirage ba sa ƙarewa. Muna lafiya. Kilishi ya iso, kuma ni na cinye, sai ka yi abin da za ka yi.

Haba Alu, yaushe ka zama matsoraci? Malamin gona ya karanta shafi biyu a makaranta ya zo yana tayar maka da hankali. Na tambayi waɗanda suka san irin nan. Sun ce haka yake, yana fara gina ganye tukuna, sai daga baya kai ya zo gaba ɗaya. Ya fi namu jinkiri da kamar wata guda, shi ke nan. Kada ka bari kowa ya tuge. Ku ƙara masa taki, kada ku rage ruwa. Kafin azumi za ka rubuto kana ba ni haƙuri.

Maganar takardu, suna ofis a hannun maigidanmu, ya yi tafiya. Da ya dawo zan aiko maka. Kafin nan ba sai ka yi ta nuna wa malamin nan gwangwanayen ba. Ka san ma'aikata, ƙaramin abu sai su mai da shi babba. Waɗanda ka juye ma, ka ba masu gyaran fitila su yi amfani da su.

Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar da na mutane. Ka gaya wa Baba Sambo ina gaishe shi, in ya cire albasa ya ajiye mini buhu ɗaya.

Naka,
Abdulwahab

Aliero, 20 ga Fabrairu, 1993

Abdulwahab,

Sallama, don Musulunci. Lafiyar jiki muna da ita.

Na bi maganarka. Ran da wasiƙarka ta iso na hau keke na zaga ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya gaban dattawa na karanta masu ita da bakina, har da gaisuwarka ga Baba Sambo. Akwai mutum huɗu a Jandutsi da suka riga suka fara tugewa, ni na hana su. Na ce ɗan'uwana ya tambayo masu shi. Suka sayi taki suka ƙara, suka ƙona mai suna ban ruwa kusan wata biyu.

Yau kowa na cire albasa a Aliero, motoci sun yi layi bakin hanya, masu irin gida suna cika rudun ajiyar albasa. Mu kuwa lawashi muke yanka. Lawashi, Abdulwahab! Gida sittin da ɗaya! Ya yi yawa har masu busar da shi su yi gabu sun ƙi saye, awaki sun ci sun gaji. Baba Sambo ya sai da injinshi ja don ya sa hatsi a rumbu kafin azumi, ɗiyanshi maza biyu sun tafi Kurmi neman aikin ƙarfi. Hafsat ta bar zuwa suna da biki. Ni ina shiga masallaci bayan an tada salla, in fita kafin a shafa addu'a. Ba wanda ya ɗaga mani murya, kuma wallahi shi ne ke kashe ni.

Ban ba masu gyaran fitila gwangwanayen ba. Na kwashe su na kai wa Malam Ɗayyabu. Takarda ka ɓare, amma ka manta da gindin gwangwani, akwai lamba da aka buga cikin ƙarfen. Ya rubuta ta ya kai Birnin Kebbi, su kuma suka bi sawu. Shekaranjiya mutum biyu suka zo daga masu duba tsirrai na kan iyaka. Ba su wulaƙanta ni ba, sun zauna kan tabarmata sun buɗe fayil. Ashe wanga iri an tsare shi a tasha tun watan Mayu. Ba ya da izini, ba ya da shaidar lafiya, kuma irin ƙasar sanyi ne, rubuce a jikinshi. An ba masu shi zaɓi, su mai da shi inda ya fito ko a ƙone shi. Aka ce a ƙone. Akwai takardar da ta ce an ƙone shi.

Sai suka nuna mani ta biyu, wadda kayan suka ƙetaro da ita ta Kamba. An rubuta kwali biyar na habbatussauda. Na riƙe baki. Wanda bai tashi cikin albasa ba, ina zai san irinta da habbatussauda kamar tagwaye suke ga mai kallo daga nesa? Dabarar ɗan gida ce wagga. A wurin sunan mai shigo da kaya kuwa an rubuta Alu Maiwada, Aliero. Ni da ban taɓa taka Kamba ba! Har da sa hannu, wani ƙwaƙyal-ƙwaƙyal da ba nawa ba, amma na san hannun da ke lanƙwasa harafin farko haka, tun muna aji uku.

Sun ce bisa doka wanda sunanshi ke kan takarda shi ya shigo da kaya, shi ya yi ƙaryar abin da ke ciki, shi kuma ya raba wa jama'a. Sun ba ni rana bayan salla in zo Birnin Kebbi in yi bayani.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ba ta takardun ba ce. Ran ashirin da bakwai ga Disamba, da ka zauna ka rubuta “kada ka bari kowa ya tuge”, ka sani ko ba ka sani ba?

Alu

Kwatano, 12 ga Maris, 1993

Ɗan'uwana Alu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Na karanta wasiƙarka sau ba adadi. Khairiyya ta tambaye ni abin da ya same ni, na ce mata aiki ne.

Zan faɗa maka yadda aka yi. Ni aka ba kayan in kai a ƙone. Na tsaya ina kallon iri mai kyau haka, na tuna naka ya lalace, na ce wannan ai almubazzaranci ne. A raina albasa albasa ce. Na ɗauka duk maganar izini da shaida hanyar wahalar da mutane ce kawai, kullum ina ganin kaya suna ruɓewa a tasha saboda hatimi ɗaya. Na ƙone kwalayen banza, na sa hannu an ƙone. Takardun jiki ba ruwa ya jiƙa su ba, ni na ɓare don kada a gane kayan. Sunanka kuwa dole ce ta sa, ba a ƙetarewa da kaya sai da sunan mai karɓa a can, kuma ban zaci wani zai sake buɗe takardar nan ba har abada. Wallahi a watan Agusta alheri na nufe ka da shi.

Na Disamba kuwa, tunda ka tambaya. Da wasiƙarka ta zo na nemo takarda ɗaya da na ajiye, na kai wa wani mai sayar da kayan gona a nan. Ya karanta ya ce ba zai yi kai a ƙasarmu ba. Na sani, Alu. Amma na ce a raina wataƙila ya yi kuskure, wataƙila ƙasar Aliero ta ba da mamaki. Kuma na san in gida sittin suka tuge gona rana ɗaya, magana za ta kai hukuma kafin sati, a biyo sawu har teburina. Tsoro ya kama ni. Na rubuta abin da na rubuta.

Sai dai kai ma ka duba wasiƙata ta farko. Cewa na yi ka jarraba. Ban ce ka raba wa ƙasa duka ba. Da ka sa a fangali biyu ka jira shekara, da duk wannan bai faru ba.

Yanzu ga roƙona. In ka je gaban hukuma ka ce a kasuwa ka saya hannun wani baƙo, ba ka san shi ba. Kai manomi ne, gargaɗi za su yi maka su sallame ka. Ni kuwa in sunana ya fito, aiki ya tafi, kuma sa hannu kan ƙarya a tasha ɗauri ne a nan. Ka tuna Inna. Ita ta goye ka shekara biyu da mahaifiyarka ta rasu. Kada ka bari ta ji wannan da tsufanta. Wasiƙuna kuma ka sa su a murhu.

In ƙura ta lafa zan zo da kaina in bi gidajen nan in ba su haƙuri. Ka rufa mini asiri, don zumunci.

Ɗan'uwanka,
Abdulwahab

Aliero, 22 ga Agusta, 1993

Abdulwahab,

Sallama. Muna raye. Wata biyar ban amsa maka ba, don duk ran da na ɗauki alƙalami abin da ke fitowa bai dace da ɗan Musulmi ba. Wasiƙunka uku da suka biyo baya suna nan, ban buɗe ba.

Ka ce cewa ka yi in jarraba. Wanda ake so ya jarraba, gwangwani ɗaya ake aiko mashi, ba arba'in ba. Amma na karɓi rabona. Tsumma da randa suna gaya maka iri na da rai, ba su gaya maka ko na ƙasarka ne. Malam Ɗayyabu ya faɗa mani tun farko, na yi mashi dariya. Wannan nawa ne, da shi zan kwana da shi zan tashi. Na Agusta ma da na yafe maka, wauta ce, kowa na yi. Na Disamba ne ba ya haɗiyuwa. Sati uku suka rage mana, na roƙe ka kalma ɗaya, “ku tuge”. Ka san gaskiya tana aljihunka, ka zauna ka yi mani wasan kilishi, ka aiko ni in bi ƙauyuka da ƙaryarka a bakina. Ka ci amanata, kuma da ni ka ci ta mutane.

Sa'annan ka ce in ƙara wata ƙaryar a gaban hukuma, wai baƙo a kasuwa. Gida sittin da ɗaya na gaya wa ɗan'uwana ya aiko. Kana so su ji na tsaya na rantse da wani zance dabam? Tir.

Kafin in tafi Birnin Kebbi na biya Maiyama, don ba na son Gwaggo ta ji a bakin wani. Na karanta mata wasiƙunka uku, ta Agusta da ta Disamba da ta Maris. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, “Tafi ka faɗi abin da ya faru.” Ta juya fuska bango. Da na fito na ji kukanta daga zaure. Kai ka sa ta, ba ni ba, kada ka sake jingina mani wannan.

A Birnin Kebbi na ba masu duba tsirran wasiƙun. Sun gwada rubutu da rubutu, sun ga sa hannun ba nawa ba ne. Sun ƙone gwangwani shida da suka rage a gabana, sun yi mani gargaɗi kada in sake karɓar irin waje sai da suna a jiki da takardunshi biyu. Na ji sun rubuta wa kamfaninku. Atiku ya ce an sallame ka, kana sayar da taya a bakin hanya. Ban ji daɗi ba, ban kuma yi nadama ba. A ƙarshe sun ba ni takarda mai hatimi, wadda ta ce Alu Maiwada ba shi ya shigo da kayan ba, kuma bai san abin da ke ciki ba. Na yi murna, kaico, har na sa aka liƙe mani ita cikin leda.

Bana irin gida ya yi kyau, ƙwari ba su zo ba. Na sussuka, na sheƙe, tulu uku cike. Tun farkon wata nake zaune a zaure ina jiran sallama. Mutum biyu suka zo, su ma surukaina ne. Sai na yi abin da Baba bai taɓa yi ba har ya koma ga Allah, na ɗauki iri na kai kasuwar Jega, na shimfiɗa tabarma cikin 'yan talla.

Wajen hantsi sai ga Baba Sambo, ya rame, yana dogara sanda. Na miƙe na durƙusa. Ya tambayi Hafsat, ya tambayi yara da sunayensu ɗaya ɗaya. Na zaro takardar na miƙa mashi, na ce Baba, hukuma ta wanke ni, ga hatimi. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya maido mani. Ya ce, “Madalla, Alu. Na san ba da gangan ka yi ba. Amma ni ba hukuma ta ce mani kada in tuge ba.” Ya yi mani addu'a mai tsawo, Allah shi rufa asiri, Allah shi jiƙan Maiwada. Sa'annan ya matsa taki uku, ya tsuguna gaban wani mutumin Gaya da ko sunanshi bai sani ba, ya sayi mudu biyu. Ina tsaye ina kallo aka ƙulle mashi a ƙyalle.

Na naɗe tabarmata tun kafin azahar. Yadda na kai irin haka na maido shi, yana nan cikin tulu, kuma ka san irin albasa ba ya kwana biyu, in ya wuce bana ya mutu.

Ka ce za ka zo ka bi gidaje ka ba da haƙuri. Kada ka wahalar da kanka, ba wanda ke riƙe da kai a nan. Yawancinsu ko fuskarka ba su tuna ba. Ni suka sani, ni suka yarda da shi.

Gwaggo zan ci gaba da duba ta har iyakar raina, wannan ba ruwanka a ciki. Na gaya wa Atiku kada ya sake karɓo mani komi daga hannunka, ko wasiƙa ko allura.

Alu ɗan Maiwada,
Aliero